Rage Hidindimu Domin Hidima Ta Ɗore

A wannan darasi za mu duba wata matsala da ba mu cika ambatonta a taron fastoci ba, ko da yake kusan kowannenmu ya taɓa ɗanɗana ta. Matsalar ita ce yawan hidindimu da ke cinye ƙarfin ma'aikacin Ubangiji, har ainihin aikin da aka kira shi dominsa ya koma samun ragowar lokaci. Yawancinmu muna hidima ne a ƙauyuka, kuma manoma ne mu kamar jama'ar da muke kiwo. Saboda haka za mu ɗauki misalanmu daga gonakin arewacin Jihar Kano, mu haɗa su da abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna mana.

Mako guda a watan Yuli

Bari mu fara da misali. A ce wani fasto yana kula da ikilisiya guda, da wasu ƙananan wuraren sujada 2 da ba su da ma'aikaci. Abin da ake ba shi ba ya kai shi ƙarshen wata, don haka yana noma gero da dawa da wake.

Ran Litinin ya fita da fartanya tun da asuba. Hantsi bai ɗaga ba aka kira shi a waya, ɗan wani mai bi ya suma da zazzaɓi, ana neman babur. Ya kai su asibiti, bai dawo ba sai la'asar. Talata akwai taron fastoci na gunduma. Laraba akwai addu'ar tsakiyar mako, kafin nan kuma wa da ƙane sun zo masa da rigimar iyakar gona. Alhamis jana'iza a wani ƙauye. Jumma'a zumuntar mata sun roƙe shi ya yi musu jawabi, kwamitin gini kuma suna jira ya je ya tayo musu kwanon rufi. Asabar da dare ya buɗe Littafi da tocila a hannu, barci ya ɗauke shi. Ran Lahadi ya miƙe ya maimaita wa'azin da ya yi bara. Matarsa da 'ya'yansa su kaɗai suka yi noman, rabin gonar kuma ciyawa ta rufe.

Sai mu lura, babu zunubi ko ɗaya a cikin wannan jeri. Kai mara lafiya asibiti aikin alheri ne, sulhunta 'yan'uwa ma haka. Abin da ya sa matsalar take da wuyar ganewa ke nan. Da mugun abu ne ya cika makon, da mun san yadda za mu tsauta masa. Abubuwa ne masu kyau, sun yi yawa har sun shaƙe juna. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ƙasar da ba ta hutawa

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta ko Bichi da damina, ko ya ratsa ƙasar Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa, zai ga gona manne da gona, gida yana hango gida. Daji kaɗan ne ya rage. Masana sun daɗe suna nazarin wannan yanki. Michael Mortimore, Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya wallafa rahoto a kansa tare da wani abokin aikinsa tun a 1965, ya ci gaba da bin al'amuransa shekaru masu yawa.

Abin da ya jawo hankalin masana shi ne wannan. A wurare da yawa na Afirka manomi yakan noma fili 'yan shekaru, in ya ga ya gaji sai ya bar shi saura, ya sari wani. A kewayen Kano kuwa mutane sun yi yawa, babu filin da za a bari. Gona ɗaya ake nomawa kowace shekara tun zamanin kakanni, amma ba ta mutu ba. Dalili shi ne ana mayar mata da wani abu daga cikin abin da aka ɗiba. Harawa da ganyen dawa suna shiga cikin awaki da tumaki, takinsu ya koma gona da rani a mangala ko a amalanke. A dā jakuna sukan kai itace cikin birni su komo da shara domin taki. Ana surka wake da gyaɗa a cikin hatsi, su kuwa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ana barin gawo da ɗorawa da kuka a tsaye. Inda aka daina yin haka, ana ɗiba ba a mayarwa, zangarniya takan ƙanƙance, ƙuduji ya bazu, manomi ya ce ƙasa ta gaji.

Halin faston karkara ya yi kama da na wannan ƙasa. Ba shi da mataimaki, ba shi da wanda zai karɓe shi ya tafi hutun wata 6. Kowace Lahadi ana girbi a jikinsa da ransa. Tambayar da ke gabanmu ita ce yadda za a yi irin wannan gona ta ci gaba da ba da amfani shekara 30 ko 40.

Gajiyar da barcin dare ba ya warkarwa

Akwai gajiya iri biyu. Ta fari ita ce ta wanda ya wuni yana huɗa, ya ci tuwo, ya kwanta, ya tashi garau. Wannan lafiya ce. Ta biyu ita ce wadda mutum yake kwana da ita ya tashi da ita wata da watanni.

A 1974 wani masanin halayyar ɗan'adam a birnin New York na Amurka, Herbert Freudenberger, ya rubuta abin da ya gani ga masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta. Sukan fara da himma ƙwarai, bayan shekara guda ko fiye sai su zama marasa kuzari, masu saurin fushi. Ya kira abin da wata kalmar Turanci mai nufin wutar da ta cinye itacenta ta mutu. Ya kuma lura cewa masu kishin aikin ne abin ya fi kamawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a matsayin abin da ke fitowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba, ta ba da alamu 3: ƙarewar ƙarfi, sanyin zuciya ko ƙosawa da aikin, da raguwar ingancin abin da mutum yake yi.

Mu fassara waɗannan alamu zuwa rayuwarmu. Fasto ya ji waya ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi. Ya hango wani mai bi yana nufo gidansa sai ya ji haushi tun bai ji abin da ya kawo shi ba. Addu'arsa ta zama ta bainar jama'a kaɗai. Wa'azinsa ya koma faɗa. A gida ba a iya yi masa magana. Wasu hawan jini yakan kama su, wasu su faɗa cikin jarabar da a dā suke guje mata, wasu su tafi ci-rani birni ba su ƙara dawowa kan aikin ba. A ƙauyen da masu bi ba su da yawa, tafiyar ma'aikaci guda tana iya barin garke shekaru babu makiyayi.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana wannan hali ba. A Littafin Ƙidaya sura 11 nauyin jama'a ya yi wa Musa yawa har ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. A 1 Sarakuna sura 19, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, Iliya ya gudu zuwa Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya shiga jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Mu lura da yadda Allah ya bi da shi. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau 2. Sai daga baya, a Horeb, ya gyara masa tunani, ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma sa shi ya keɓe Elisha. Barci da abinci suka fara zuwa, sa'an nan magana, sa'an nan abokin aiki.

Abin da ke sa mu tara wa kanmu kaya

Wasu dalilai daga waje suke. Albashi kaɗan ne, dole a yi noma. Ma'aikata kaɗan ne, wuraren sujada kuma a warwatse suke. Sau da yawa fasto ne ya fi kowa karatu a cikin jama'arsa, saboda haka shi ne mai cika takarda, mai raka mutane asibiti da ofishin 'yan sanda. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, nisa ya daina kāre kowa, ana iya samun mutum a gona ko a tsakar dare. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kowace tafiya a kan babur tana cin kuɗin cefane. Ga shi kuma a damina abubuwa 3 suke haɗuwa: aikin gona ya yi yawa, rumbu ya kusa ƙarewa, zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙamari. Lokacin da gonar fasto ta fi bukatarsa shi ne lokacin da marasa lafiya suka fi yawa.

Amma akwai dalilai na cikin zuciya, kuma su ne ya kamata mu fi bincikawa. Akwai kunya: dattijo ya tako har gida, yaya za a ce masa a'a? Akwai tsoro: in ban je ba za a kai ƙarata, ko a nemi a sauya mini wurin aiki. Akwai son yabo, gama yana da daɗi a ce faston nan ba ya zama. Akwai kuma wani girmankai da ke sanye da rigar tawali'u, wato tunanin cewa in ba ni ba abin ba zai yiwu ba. Har ma akwai wanda yake fakewa da zirga-zirga domin ya guje wa zama shiru a gaban Allah da Maganarsa, gama hawa babur ya fi nazari sauƙi.

Darasi na fari: rage shuka

Mai shuka gero yakan zuba ƙwayoyi da yawa a rami guda. Bayan mako 2 ko 3, lokacin noman firi, sai ya bi ya cire wasu ya bar 2 ko 3. Waɗanda ya cire ba ciyawa ba ne, gero ne mai kyau, irinsa ne da ya adana tun kaka. Amma ya san abincin ramin ba zai ishe su duka ba. In ya ji tausayinsu ya bar su, zai sami kara da yawa, zangarniya kuwa 'yar kaɗan.

Haka manzanni suka yi a Ayyukan Manzanni sura 6. Gunaguni ya tashi domin ana mantawa da wasu gwauraye mata a rabon abinci. Matsala ce ta gaske, manzanni kuwa ba su raina ta ba. Suka sa jama'a su zaɓi mutum 7 amintattu su riƙe aikin, su kuma suka tsaya a kan abu 2, addu'a da hidimar Maganar Allah. Sakamakon shi ne gwaurayen suka sami kulawa, Maganar kuma ta ƙara yaɗuwa.

Ubangijinmu ma ya ƙi wasu ayyuka. A Markus sura 1, bayan daren da ya warkar da mutane da yawa a Kafarnahum, ya fita da asuba ya yi addu'a. Almajirai suka zo suka ce kowa yana nemansa, shi kuwa ya ce su wuce zuwa garuruwan gaba domin wa'azi, gama abin da ya kawo shi ke nan. A Luka sura 12 wani ya roƙe shi ya sa baki a rabon gado tsakaninsa da ɗan'uwansa. Yesu ya ƙi zama alƙali a kan maganar, ya yi musu koyarwa a kan kwaɗayi. Wannan ya shafe mu ƙwarai, gama a inda gonaki suke ƙanƙancewa da kowane rabon gado, rigimar ƙasa tana iya cinye watanni na lokacin fasto, ta kuma bar shi da abokan gāba a cikin ikilisiyarsa.

To, waɗanne tsirrai za mu bari a ramin? Muna ganin guda 4 ne. Na fari, zumuncinmu da Allah cikin addu'a da karatun Magana domin ranmu. Na biyu, iyalinmu, gama 1 Timoti sura 3 ta sa kula da gida cikin sharuɗɗan shugabancin ikilisiya, cikin wannan kuwa har da gonar da ke ciyar da su. Na uku, koyar da Maganar Allah da shiri mai kyau. Na huɗu, kiwon rayuka: marasa lafiya, masu makoki, sababbin masu bi, da waɗanda suka ja da baya. Sauran abubuwa ana iya ba wani, ko a ɗaga su, ko a bar su.

Darasi na biyu: kowane aiki da lokacinsa

Daminarmu ba ta cika wuce wata 4 ba, daga wajen Yuni zuwa Satumba. A shekarun 1990 Mortimore da wani masanin, William Adams, sun bi yadda magidanta suke raba ƙarfinsu a damina a ƙauyuka 4, ciki har da Tumbau a ƙasar Kano. Abin da irin wannan bincike yake nunawa kowane manomi ya riga ya san shi: lokacin noman ciyawa ne hannu yake ƙaranci. Wanda ya makara a noman firi, maimai ba zai mayar masa da abin da ya rasa ba. Shi ya sa mai hankali ba ya gyaran danga ko yaɓen ɗaki a wannan lokaci. Yana barinsu sai rani.

A watan Agusta na 1954, a garin Evanston na Amurka, Shugaba Dwight Eisenhower ya yi jawabi ga babban taron Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya. Ya ambaci wani tsohon shugaban jami'a da ya raba matsalolinsa kashi 2, masu gaggawa da masu muhimmanci, yana cewa ba safai su zama abu ɗaya ba. Daga wannan magana masu koyar da tsarin lokaci suka ɗauki darasi. A aikinmu akwai abin da ya haɗa duka biyu, kamar mai bi da ke bakin mutuwa. Wannan noman firi ne, a bar kome a tafi. Amma yawancin abin da ke buga mana waya gaggawa kawai yake da ita. Nazari, da addu'a, da zama da yara, da horar da dattawa ba sa kiran kowa a waya, shi ya sa su ake fara yankewa.

Ya kamata kalandar ikilisiya ta bi kalandar gona. Taron farkawa, da taron neman gudummawa, da aikin gini, da kwasa-kwasan horo, da fita bishara zuwa nesa, a kai su rani, daga bayan girbin dawa zuwa bazara. Daga shuka zuwa maimai a taƙaita tarurrukan tsakiyar mako, a tsare sujadar Lahadi da ziyarar marasa lafiya. Wannan jinƙai ne ga fasto, jinƙai ne kuma ga jama'a, gama su ma a gona suke. Shugabanninmu na gunduma su ma su duba wannan kafin su sa ranar taro. Kamar yadda ake kai taki gona da rani, haka fasto zai iya tsara jerin wa'azin damina tun a watan Maris ko Afrilu, ya rubuta kan magana da nassoshi, domin daren Asabar na watan Yuli kada ya same shi hannu wofi.

Darasi na uku: gayya

In noma ya fi ƙarfin gida, akan kira gayya. Ba wanda yake ganin mai gayya rago ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A Fitowa sura 18 Yetro ya ga Musa yana zaune yana shari'a tun safe har yamma, jama'a suna tsaye suna jira. Ya gaya masa a fili cewa abin da yake yi ba daidai ba ne, zai gajiyar da kansa, ya gajiyar da jama'ar kuma. Ya shawarce shi ya naɗa amintattun mutane a kan 1,000, da 100, da 50, da 10, manyan al'amura kaɗai su iso gare shi. Mu lura, wanda ya riƙe kome a hannunsa yana wahalar da jama'a ma, gama su ne suke jira a rana.

Afisawa sura 4 ta nuna aikin fasto shi ne ya shirya masu bi domin su yi hidima. A 2 Timoti sura 2 Bulus ya umarci Timoti ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane da za su koya wa wasu. Ikilisiyoyin Arewa sun taɓa ganin amfanin wannan. Shirin Sabon Rai Don Kowa da aka fara a shekarun 1960 ya tsaya ne a kan cewa shaida aikin kowane mai bi ne, manoma da mata da matasa suka ɗauki aikin da a dā ake bar wa ma'aikata.

A aikace, mu zaɓi mutum 2 ko 3, mu riƙa tafiya ziyara tare da su har su iya. Wani dattijo ya riƙe addu'ar Laraba. Wani matashi mai babur ya zama shi ake fara kira in za a kai mutum asibiti, ikilisiya ta ware ɗan kuɗin mai domin haka. Kuɗi da gini su zauna a hannun kwamiti, wannan ma kāriya ce ga sunan fasto. Da fari za su yi abin ba yadda muke so ba, horon kuma zai ci lokaci fiye da in mun yi da kanmu. Haka yake ga yaron da ake koya wa riƙon fartanya. Abu guda za mu kiyaye: kada kayan da muka sauke ya koma kan matar fasto. Ita ma tana da gona da girki da yara, sau da yawa kuma ita ce ta fara gajiya ba wanda ya lura.

Ƙin wani aiki ba ya bukatar rashin kunya. In dattijo ya zo da maganar gado, muna iya cewa: "Baba, na ji maganarka, ta kuwa dame ni. Amma iyakar gona ba ni ne zan yanke ba. Bari mu kira dattawa da mai unguwa, su suka san tarihin wurin. Ni zan zo in yi addu'a da ku duka biyu." Ya tafi da girmansa, mu kuma mun tsaya a kan namu aikin.

Darasi na huɗu: a mayar wa gona abin da aka ɗiba

A Littafin Firistoci sura 25 Allah ya umarci Isra'ila su bar ƙasa ta huta kowace shekara ta 7. A Fitowa 34:21 kuma, da aka maimaita dokar ranar hutu, an ƙara da cewa a kiyaye ta har a lokacin huɗa da lokacin girbi. Manoma aka ba wannan doka, a daidai lokacin da hutu ya fi kowane lokaci tsada. A Markus sura 6, da almajirai suka dawo daga aike, mutane suna ta kai da kawowa har ba su sami damar cin abinci ba, Yesu ya kira su su keɓe su ɗan huta.

Magabatanmu a aikin bishara sun koyi darajar jiki ta hanya mai ɗaci. Cikin mutum 3 na farko na mishan ɗin SIM da suka iso a 1893, cuta ta kashe 2, Walter Gowans da Thomas Kent, a 1894. Daga baya, a farkon ƙarni na 20, mishan ɗin ya gina gidan hutu a Miango kusa da Jos domin ma'aikata su riƙa zuwa suna sabunta ƙarfi. Yawancinmu ba mu da kuɗin zuwa Miango. Amma takin gonakinmu ma ba daga nesa yake zuwa ba, daga turken gida ake tara shi kaɗan-kaɗan. Ga irin namu:

Lahadi ranar aiki ce a gare mu, saboda haka mu keɓe wata rana, ko da rabin wuni ne a damina, mu sanar da ikilisiya, mu faɗi dattijon da za a nema in wani abu ya taso.

Mu tsare safiya 2 a mako domin nazari, waya a kashe. In gida ba ya yin shiru, ɗakin sujada yana nan, inuwar gona ma tana nan.

Mu ci abincin dare tare da iyali, mu yi addu'a da su kamar yadda muke yi a gidajen wasu.

Mu sami wani fasto amintacce da za mu riƙa gaya wa gaskiyar halinmu. Iliya ya fi shiga duhu ne bayan ya bar baransa ya tafi shi kaɗai.

Mu riƙa auna jini a asibiti. In rashin barci ya daɗe, ko baƙin ciki ya ƙi tafiya, ko tunanin mutuwa ya fara zuwa, mu ga likita, mu kuma gaya wa shugabanninmu. Yin haka ba rashin bangaskiya ba ne.

Dattawan ikilisiya su ma suna da nasu rabo. Su biya ma'aikaci a kan lokaci, su ba shi hutun shekara, su yi masa gayya a gonarsa in hidima ta hana shi noma.

Ashe, wannan ba ƙofar ragwanci ba ce?

Wani zai ce Bulus ya yi aiki dare da rana, yana ɗinkin tanti yana wa'azi. Gaskiya ne, akwai kuma fastocin da matsalarsu lalaci ce, wannan darasi ba mafaka ba ne a gare su. Akwai makon da annoba ko rikici zai hana kowa barci, makiyayi na gaske kuwa ba ya duba agogo a irin wannan rana. Amma wanda ya saba ƙarar da ƙarfinsa a kan ƙananan abubuwa, ranar babban abu za ta same shi ba shi da sauran kome. Manomin da ya rage shuka ba gudun aiki yake yi ba, amfanin gona yake nema. Ma'aunin a bayyane yake: lokacin da muka ƙwato, ina ya tafi? In ya tafi ga addu'a, da nazari, da iyali, da ziyara, mun yi daidai. In ya tafi ga hira a tasha da kallon waya, mun ruɗi kanmu.

A Markus sura 4 Yesu ya ba da misalin mutumin da ya yafa iri, yana kwana yana tashi, irin yana tsiro yana girma, shi kuwa bai san ta yaya ba. Mu manoma mun san gaskiyar wannan. Muna shuka, muna noma, amma ba mu taɓa jawo gero sama da hannunmu ba. Ikilisiya ta Almasihu ce. Tana nan kafin a aiko mu, za ta kuma kasance bayan an sauya mu. Wanda ya gaskata haka zai iya kashe waya ya kwanta, ya tashi da safe ya kama aikin da yake nasa.

Tambayoyi da aiki

1. Rubuta duk abin da ka yi cikin mako 2 masu zuwa, da yawan lokacin da kowanne ya ci. Raba su kashi 3: abin da kai kaɗai za ka yi, abin da wani zai iya in an koya masa, da abin da za a iya bari.

2. Karanta Fitowa 18, da 1 Sarakuna 19, da Ayyukan Manzanni 6:1-7. A kowanne, mene ne matsalar, ta wace hanya kuma aka magance ta?

3. Cikin kunya, da tsoro, da son yabo, da girmankai, wanne ya fi hana ka cewa a'a?

4. Waɗanne tarurruka na ikilisiyarku za a iya ɗagawa daga damina zuwa rani? Kawo jerinsu a zaman dattawa na gaba.

5. Rubuta sunayen mutum 2 da za ka fara horarwa, da aikin da za ka danƙa wa kowannensu kafin kaka.

6. Tambayi matarka abin da take gani ya kamata ka rage. Ka saurara har ta gama, kada ka kāre kanka.